Kundin Ladi: Rarrashin Mesa Mai Faɗa a Sanyin Jos

Lahadi, 3 ga Nuwamba, 2024

Mesar ƙanina ta dawo hannuna. Shi ya tafi bautar ƙasa kudu, kuma ba direban da zai yarda a ɗora masa maciji a mota. Ya kawo ta cikin tsohon akwatin gilashi na kiwon kifi, an rufe bakinsa da falanki, an danne da bulo biyu. "Yaya, ba ta da matsala, faɗa ne kawai da ita," in ji shi. To ai faɗan shi ne matsalar.

Bari in rubuta yadda take yau, don in samu abin da zan riƙa auna ci gaba da shi. Mesa ce babbar nan tamu ta Afirka, wadda masana ke kira Python sebae, ba ƙaramar nan mai dunƙulewa da ake fitarwa Turai da Amurka daga Gana da Togo da Benin ba. Waccan in ta tsorata cusa kai take cikin jikinta ta yi lamo. Wannan kuwa kawo hari take. Tsawonta wajen mita 1.4, ke nan yarinya ce tukuna. Ta rame, ƙashin bayanta ya fito zara-zara. Ko inuwar mutum ce ta gitta gaban gilashin sai ta janye wuya baya, ta lanƙwasa shi, ta yi huci, ta kawo sara. Hancinta har ya saɓule saboda dukan gilashi. Mai ita ya ce ta kusa wata biyu ba ta ci komai ba.

Ba so nake in rataya ta a wuya a ɗauke ni hoto ba. Abin da nake nema in iya buɗe mata, in canza ruwa, in kwashe kashi, in ɗauke ta zuwa wurin likita, ba tare da an zubar da jini ba, nawa ko nata.

Na ajiye ta a ɗakin shirgi na bayan gida, na sa kwaɗo. Yara sun raɗa mata Ladi tunda ran Lahadi ta zo. Inna ta ce ta yi ban kwana da sashena.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Ban taɓa ta ba. Kwali na samu na rufe gefe uku na gilashin, sannan na kife mata tukunyar ƙasa wadda bakinta ya ɓare. Kafin in gama wanke hannu ta shige ciki, kuma tun ranar hucin ya ragu ƙwarai. Dabbar da a daji rabin rayuwarta a rami da kogon dutse take yi, an tsare ta a fili fetal ana kallonta ta ko'ina, ina za ta samu natsuwa?

Na zauna nesa da daddare ina lura da ita. Saran da take kaiwa na gaggawa ne, ta taɓa ta janye, wani lokaci ma baki a rufe take dungurar gilashin. Mai neman abinci ba haka yake yi ba. Wannan tsoro ne. Ƙaramar mesa a daji abincin shaho ce da tunku da guza, kuma mafi yawan haɗarinta daga sama yake saukowa. Akwatin kifi kuwa ta sama ake buɗe shi, don haka duk hannun da ya shigo, a wurinta shaho ne ya kawo sura.

Wani abu kuma: maciji ba shi da kunne a waje, amma yana jin girgizar ƙasa ta jikinsa da ƙashin muƙamuƙinsa. Ƙanina a gefen sifikarsa yake ajiye ta. Nan ma bangon ɗakin ya haɗu da na masu injin markaɗe, shi ya sa na mai da akwatin ɗaya bangon, na shimfiɗa masa guntun soso na tsohuwar katifa a ƙasa.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Sabon gida ya samu. Na sayi filawud a kasuwar Katako, na ba wani kafinta awo: tsawo mita 1.8, faɗi santimita 90, tsayi santimita 60, ƙofa ta gaba ba ta sama ba, da tagogin iska a gefe da aka toshe da waya mai ƙananan idanu. Yana cikin aiki ya ce, "Maigida, zomaye ne ko kaji?" Da na faɗa masa gaskiya sai ya ce in cika masa kuɗinsa duka, kuma in zo in ɗauka da kaina, ƙafarsa ba za ta taka gidana ba. Aikin dai ya yi kyau, ba na ƙorafi.

Na bar akwatin a rana sai da warin fenti ya fice. A ciki na shimfiɗa tsofaffin jaridu, ba diddigar katako ba, domin jarida tana nuna maka komai: kashi, jini, ƙwari. Maɓoya biyu, ɗaya a kowane gefe. Kwanon ruwa mai nauyi wanda ba za ta iya kifarwa ba, mai faɗin da za ta iya shiga.

Kwaɗo biyu na sa wa ƙofar, kuma na bi ɗakin na liƙe duk wata kafa da siminti, har ta silin. Uwargida ta ce na cika zaƙewa. Na ba ta labarin garin Campbellton na Kanada, inda a watan Agusta na 2013 wata babbar mesa irin wannan ta sulale ta bututun iska, ta faɗo ɗakin da wasu yara biyu 'yan gida ɗaya suke barci, mai shekara 4 da mai shekara 6, ta hallaka su. Ladi ba ta kai ko kusa da wannan ƙarfin ba yanzu, amma irin su manyansu sukan wuce mita 3, wasu ma su haura 4. Da ta ji haka sai ta karɓi mabuɗi ɗaya ta ɗaure a bakin zanenta.

Wajen sauya mata gida ban sa hannu ba. Na toshe bakin tukunyar da faranti tana ciki, na ɗauke su tare.

Talata, 26 ga Nuwamba

Yau aka gano bakin zaren. Wani maƙeri a Dilimi ya lanƙwasa min rodi ya yi min sanda mai ƙugiya, kanta a goge sumul. Da ita muka ɗaga Ladi muka zura a rigar filo, muka ɗaure, muka sa a bokiti mai murfi, sai wurin likitan dabbobi.

Likita ya riƙe ta a bayan kai, ni na riƙe sauran jikin, ta kuwa feso mana wani ruwa mai ɗoyi daga gindin wutsiya wanda har yanzu rigata ba ta rabu da shi ba. Ya zura wani siririn roba ya buɗe bakin. Dasashinta ja wur, a kumbure, ga wani farin ruɓa mai kauri ya taru a gefen muƙamuƙi na sama, haƙora da yawa a kakkarye. Ya ce, "Malam, daga hannun gardi ta fito ko?" Haka ne, a hannun wani gardi ƙanina ya saye ta. Wasu daga cikinsu sukan fasa wa maciji haƙora don ya yi daɗin wasa, sukan sa masa tsumma ya ciza su fizge. Haƙoran maciji suna sake tsirowa duk tsawon rayuwarsa, don haka dabarar ba ta ma ɗorewa, sai dai ta bar miki, mikin kuma ya ruɓe. Dabbar da bakinta ke zogi dare da rana, ga tsoro, ga yunwa, a ce mata mafaɗaciya?

Ya kuma nuna min wasu baƙaƙen ƙwari ƙanana masu kama da ɗigon barkono a kewayen idonta da ƙarƙashin haɓa, masu shan jini. Ya ba da maganinsu, ya ja min kunne sosai: kada fiya-fiya ko kananzir su kusanci akwatin, kafin su kashe ƙwarin sun kashe macijin.

Tsarin jinya shi ne wanke baki kullum da ruwan aidin da aka sirka, da allurar kashe ƙwayoyin cuta da zai riƙa zuwa yana yi mata a gaban jiki. Wannan ya rushe min shiri, don kama ta da ƙarfi kullum zai ƙara tabbatar mata cewa hannu abokin gaba ne. Amma ba a rarrashin mai ciwon baki. An ɗage maganar sabo sai ta warke.

Lahadi, 8 ga Disamba

Sanyi ya sauko, kuma duk wanda ya san Jos ya san me nake nufi. Garin yana kan tudu sama da mita 1,200, hunturunsa ba irin na Kano ko Lafiya ba ne. Ma'aunin zafi da na rataya a ɗakin ya nuna min 13 da asuba. Maciji ba ya haɗa zafin jikinsa da kansa, daga waje yake samu. In ya yi sanyi abinci ba ya narkewa a cikinsa, miki ba ya warkewa, kuma ciwon huhu na nan kusa. Likita ya ce maganin da yake yi mata rabin aikinsa zafi ne.

Nan sana'ata ta haɗa wutar sola ta yi min rana. Na sa ƙwan ɗumama irin na masu renon 'yan tsaki a gefe ɗaya na akwatin, na kewaye shi da kejin waya. Kejin nan dole ne, don mesa takan naɗe abu mai zafi ta ƙone ba ta saki ba. Na haɗa shi da na'urar da ke kashewa da kunnawa da kanta: gefen ɗumi tsakanin 31 da 33, ɗaya gefen wajen 26, da dare kada ya sauka ƙasa da 24. Amfanin gefe biyun shi ne ta zaɓa da kanta, in ta ji zafi ta koma can, in ta ji sanyi ta dawo nan.

Ɗauke wuta ita ce ciwon kai. Batir yana ɗauka zuwa wajen ƙarfe uku na dare, daga nan sai jarka. Nakan cika jarka biyu da ruwan zafi, in naɗe su da tsohon tawul, in jingina a jikin akwatin ta waje, in lulluɓe duka da bargo in bar tagogin iska a buɗe. Wani maƙwabci ya ce in kai kaskon gawayi ɗakin. Gawayin da ke kashe mutane a rufaffen ɗaki duk shekara? A'a.

Juma'a, 13 ga Disamba

An gama allura. Kumburin ya saɓe, jan ya koma ruwan hoda, ƙwarin ma ban ƙara ganinsu a jarida ba. Tana ganina ta tsane ni fiye da da, kuma ban ga laifinta ba. Daga yau zuwa wani lokaci ruwa kawai zan riƙa canzawa.

Lahadi, 22 ga Disamba

Ta ci!

Maganar abinci ta ɗan ja mu muhawara a gida. Yaran unguwa da suka ji labari sun fara kawo min ɓerayen da suka kama a tarko, har da mai neman lada. Na sallame su. Unguwar da kowane gida yake zuba shinkafar ɓera, ba ka san wanne ya ci guba ba, kuma ɓeran kwata cike yake da tsutsar ciki. Na samu mai kiwon fararen ɓeraye wajen Bukuru, sannan 'yan tsaki ba sa wuya a Jos. Mai rai kuma ba na ba ta. Ɓeran da aka kulle da macijin da bai shirya ci ba, shi ke komawa ya ciji macijin, balle mai sabon warkewar baki. Girman abincin kada ya wuce kaurin tsakiyar jikinta, yau ma ƙasa da haka na ba ta.

Bayan isha na yi, fitila a rage. Na tsoma ɓeran cikin leda a ruwan ɗumi sai da ya yi zafin jiki, don mesa tana da wasu 'yan ramuka a leɓenta da take jin ɗumin abin farauta da su ko a duhu. Na riƙe shi da dogon hantsaki na miƙa bakin tukunyar. Harshe ya fara fitowa, a hankali da farko, sannan da sauri-sauri. Kai ya biyo. Babu huci, babu ja da baya, sai ma matsowa take tana bin ɗumin. Ta kama, ta naɗe, ta matse, ta daɗe a haka, sannan ta saki ta lalubo kan ɓeran ta fara haɗiya. Na rufe na fita.

Na ga bambancin da idona yanzu. Saran tsoro da huci yake zuwa, jiki na ja baya. Kamun abinci shiru ne, jiki na yin gaba, kuma ba saki. Wanda zai zauna da mesa dole ya iya raba su tun kafin ya buɗe ƙofa.

Daga yau na kafa mata doka. Ran abinci ba ta ganin sanda mai ƙugiya ko kaɗan. Duk ranar da ba ta abinci ba kuwa, kafin komai sai na shafa mata sandar a tsakiyar jiki sau biyu ko uku. Da sannu za ta haɗa cewa sanda na nufin yau babu ci, ta kwantar da hankali. Bayan ci kuma ba taɓawa har kwana biyu ko uku, in ba haka ba ta amayar, aman maciji kuwa yana jigata shi ƙwarai.

Laraba, 8 ga Janairu, 2025

Faɗa ya dawo, amma da dalili. Launinta ya dushe, idanunta sun yi shuɗi-shuɗi kamar an zuba musu madara. Saɓa za ta yi. Maciji ba shi da fatar ido, wani ɓawo ne garai-garai ya rufe ƙwayar, kuma shi ma yana cikin abin da ake saɓewa. Kafin nan ruwa yakan shiga tsakanin tsohuwar fata da sabuwa, sai ganinsa ya ragu. Wanda ba ya gani sosai, komai ya motsa sai ya sara. Na dakatar da aikin sanda.

Damuwata bushewar iska. Hunturu ya tsotse komai, ma'aunin laima ya faɗo ƙasa da 30 cikin ɗari, ita kuwa tana son 60 zuwa sama a irin wannan lokaci. Na samu roba mai murfi, na huda ƙofa a gefe, na cika da jiƙaƙƙen tawul na ajiye a gefen ɗumi. Ta tare a ciki.

Alhamis, 16 ga Janairu

Ta saɓe, kusan a haɗe, sai ɗan guntu a wutsiya da ya fita bayan ta jiƙu. Na duba kan saɓar na ga ɓawon idanu biyu sun fita. Hancin ya warke, zanen nan mai kama da kan mashi da ke kanta ya fito raɗau. Mutum biyu sun zo neman saɓar, wai ta magani. Na ƙone ta.

Talata, 21 ga Janairu

An samu cizo. Ƙanin matata ne, wanda yake taya ni riƙo tun lokacin jinya, har ya fara jin kansa gwani. Ya sauko daga ɗakin tattabaruna, ya gama damƙar 'yan shila, ya ga kwanon ruwan ya ƙazantu, ya karɓi mabuɗi wurin yayarsa. Ba sanda, ba wanke hannu. Hannu mai ɗumi, mai warin tsuntsu, ya shigo da yamma, fiye da kwana goma da cin ta na ƙarshe.

Ihunsa na ji. Na tarar ta kama shi a tsokar da ke tsakanin babban yatsa da manuni, ta yi masa naɗi biyu a tsintsiyar hannu, yatsunsa har sun fara canza launi. Yana ta ƙoƙarin fizgewa. Na ce, "Kai, tsaya cak! Kar ka ja!" Haƙoran mesa sirara ne masu lanƙwasa zuwa ciki, jere huɗu a sama, biyu a ƙasa. In ka ja baya, kai ka yage naman ka, ita kuma ka karya mata haƙoran da muka sha wahala suka tsiro. Na fara warware ta daga wutsiya, don ta nan naɗin ba shi da ƙarfi, na ba shi wutsiyar ya riƙe da ɗaya hannun. Sannan na tsoma hannun da kanta gaba ɗaya a bokitin ruwan sanyi. Ba a jima ba ta buɗe baki, na tura kan gaba kaɗan haƙoran suka zare.

Ciwon jerin ƙananan huji ne a zagaye, jini kuwa kamar an yanka kaza. Mun wanke da sabulu a ƙarƙashin famfo, muka sa aidin, muka tafi asibiti aka duba ko haƙori ya karye a ciki, aka yi masa allurar tetanus.

Kafin mu dawo gida ya cika, an kawo baƙin dutse, an kawo rubutu, wata ta ce a ɗaure damtse. Sai da na yi ta bayani cewa mesa ba ta da dafi. Ban ga laifin mutane ba. A kudancin Filato, wajen Langtang da Shendam, gobe-da-nisa tana kashe manoma duk damina da kaka, shi ya sa asibitin Zamko ya yi suna wajen jinyar saran maciji, kamar yadda na Kaltungo ya yi a Gombe. Wanda ya taso da irin wannan labari, kowane maciji ajali ne a wurinsa. Amma ko a saran mai dafin, ɗaure damtse da tsaga ba sa ƙara komai sai ɓarna, asibiti ake gudu a samu allurar karya dafi.

Sabuwar doka: mabuɗi ba ya barin hannun mutum biyu, kuma sabulu da buta suna bakin ƙofar ɗakin. Wanke hannu kafin shiga don wari, bayan fita kuma don ƙwayar salmonela da macizai ke ɗauke da ita a kashinsu. Yara daga taga suke kallo.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Wani tsohon gardi ya zo har gida, labari ya kai masa. Dattijo ne mai fara'a, hannayensa duk tabo. Ya ce, "Yaro, kana wahalar da kanka. Ka kawo ta in ba ta magani, kai ma in ba ka ka sha, ko a wuyan jariri ka ɗora ta." Na ce, "Baba, a yi min haƙuri, na gode." Na ba shi na goro. Amma na lura da abu ɗaya da ya leƙa akwatin: bai tsaya a kanta ba, durƙusawa ya yi ta gefe, motsinsa a sanyaye, numfashinsa ma a hankali. Ladi ko huci ba ta yi ba. A ganina wannan ne ainihin maganin da suka gada, ko da su suna danganta shi da saiwa.

Mai unguwa ma ya aiko a ji. Na kai shi ya ga kwaɗuna da simintin da idonsa. Ya tambayi ko hukuma ta sani, kuma tambayar tana kan hanya. Mesa tana cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta sa wa ido a cinikin ƙasa da ƙasa, Najeriya ma tana da dokar kare namun dajin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, aka yi mata gyara a 2016. Wanda ya kamo ta daga daji ya sayar bai yi daidai ba, wanda ya saya ma haka. Na yi masa alkawarin zan bi ta hanyar hukuma kan makomarta.

Inna ta aiko da saƙo ta bakin jikarta, cewa tunda na riga na tsare baiwar Allah, in tuna da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Ita dai har yanzu ba ta shigo ba.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

An fara ɗauka. Tsarin shi ne: buɗe ƙofa, shafa sanda, jira. In wuya ya lanƙwashe kuma harshe ya tsaya, ban ci gaba ba. In ta kau da kai tana neman sulalewa, sai in ɗaga tsakiyar jikin da ƙugiya, in zura hannu ta ƙasa daga baya, ba ta gaban fuska ba. Ba na riƙe wuya, ba na matsewa, barinta nake ta riƙa zarcewa daga hannu zuwa hannu, kanta yana kallon nesa da fuskata. Minti biyar ya isa, sau biyu a mako.

Wurin da ya fi wuya shi ne lokacin mayarwa. In ta yi huci ka yi maza ka ajiye ta, ka koya mata cewa huci yana korar ka. Don haka nakan jira ta lafa ko na ɗan lokaci ne, jikin ya saki, sannan in mayar. Akwai masu cewa a sa safar fata a bar maciji ya yi ta cizo har ya gaji. Ban yarda da wannan ba, balle ga mai tarihin ciwon baki. Gajiya daban, natsuwa daban.

Tsohuwar rigata da na kwana da ita na ajiye mata a maɓoya don ta saba da warina. Ko ya yi aiki ko bai yi ba, ta dai yi kashi a kai.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi ya rage min zuwa, zafi kuma ya shigo. Yanzu da rana ƙwan ɗumama kusan ba ya kunnuwa, sai ma na koma tsoron kada ɗakin kwano ya wuce kima, na ƙara buɗe taga. Da zafin ya zo cinta ya buɗe, kuma da magariba takan tsaya a bakin ƙofa kai a ɗage tana jira. A wannan yanayin ba na sa hannu ko da wasa. Abin da ya faranta min rai shi ne jiya da na shafa mata sanda tana cikin wannan tsayuwar, sai ta sauke kai ta juya. Dokar ta shiga.

Asabar, 5 ga Afrilu

Na auna ta da zare tana miƙe a jikin bango: ta kusa mita 1.6, jikin ya cika, ƙashin baya ya ɓace. Tun cizon Janairu ba ta kama kowa ba. Huci yana nan, musamman in baƙo ya shigo ko tana shirin saɓa, kuma ba na sa ran zai tafi. Ba ta san ni a matsayin maigida ba, ba kuma za ta sani ba. Ta dai daina ɗaukata shaho, kuma aikin yau da kullum yana yiwuwa.

Da Sallah samarin unguwa sun so in fito da ita a yi wasa. Na hana.

Abin da ke gabana girma ne. A yadda take ci, akwatin nan ba zai kai ta wata shekara ba, kuma ƙa'idar masu kiwon manyan macizai ita ce in mesa ta kai wajen mita 2.5 mutum ɗaya ba ya buɗe mata, sai da na biyu a tsaye. Gida mai ƙananan yara a tsakiyar unguwa ba wurinta ba ne a wannan girman. Sakinta a bayan gari ma ba abin da zan yi gaban kaina ba ne, duk inda ta ɓulla kusa da kaji sanda ce za ta tarbe ta. Na rubuta takarda zan kai gandun namun daji na Jos, wanda aka kafa tun 1972, in ji ko suna karɓa ko su nuna min ofishin da ya dace. Likita ya ce zai haɗa min da bayanin jinyarta da ranakun cinta da saɓarta, duk suna cikin wannan kundi.

Kafin amsa ta zo, aiki na ci gaba yadda yake. Ci na gaba ran Alhamis, kuma mai ɓerayen ya aiko cewa ya ƙara kuɗi.